Adalci Wajen Karɓar 'Yan Ƙungiya a Manyan Makarantu: Daga Launin Fata Zuwa Takardar Asali

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba hanyoyin da ƙungiyoyin ɗalibai na manyan makarantu suke bi wajen karɓar wani da ƙin wani, sa'an nan a auna waɗannan hanyoyi da ma'aunin adalci. An fi yin muhawara a kan wannan batu a ƙasar Amurka, inda ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na samari da na 'yan mata suka daɗe suna tace mutane bisa launin fata. Mai sauraro yana iya cewa, ina ruwan Dutse da wannan magana, alhali kuwa dukkanmu baƙaƙen fata ne? Amsar da takardar za ta bayar ita ce, launin fata alama ce kawai da aka yi amfani da ita a can. Dabarun tacewar kuwa, watau ƙuri'ar ɓoye da gado da hannun tsofaffin ɗalibai da kuɗi, suna aiki a duk inda aka sami wata alama da za a rataya su a kanta. A wurinmu alamar ita ce asali.

Za a fara da tarihin abin a Amurka, a gangaro Badun inda irin wannan ƙungiya ta fara tsiro a Nijeriya, sa'an nan a iso Dutse da tsakiyar Jihar Jigawa. Daga ƙarshe za a kawo ma'aunai guda huɗu waɗanda malamai da hukumomin makarantu za su iya amfani da su.

2.0 Yadda Abin Yake a Amurka

Ƙungiya ta farko mai suna da haruffan Girkanci ita ce Phi Beta Kappa, wadda aka kafa a Kwalejin William da Mary cikin 1776. Irin ta zamantakewa kuwa, wadda ta zama abin koyi ga sauran, ita ce Kappa Alpha, da aka kafa a Kwalejin Union ta jihar Niyok cikin 1825. Da tafiya ta yi tafiya, waɗannan ƙungiyoyi suka mallaki gidajen kwana a harabar jami'o'i, suka yi rassa a ko'ina cikin ƙasar, tsofaffin 'ya'yansu kuma suka cika majalisun dokoki da bankuna da kamfanoni. Shiga irin wannan ƙungiya ke nan ya wuce neman abokan hira. Hanya ce ta samun ɗaki da muƙami a majalisar ɗalibai, da kuma aiki bayan an gama karatu.

A farkon ƙarni na 20 da yawa daga cikinsu sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa sai farar fata Kirista za a karɓa. Waɗanda aka rufe wa ƙofa sai suka buɗe tasu. Yahudawa suka kafa Zeta Beta Tau cikin 1898. Baƙaƙen fata suka kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell cikin 1906, 'yan matansu suka kafa Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard cikin 1908, aka kuma kafa Phi Beta Sigma a nan Howard cikin 1914. Wannan ta ƙarshe ta shafe mu, domin Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk 'ya'yanta ne. Tun daga nan muna iya rarrabe iri biyu. Akwai ƙungiyar da masu ƙarfi suka kafa don su killace abin da ke hannunsu, wadda za mu kira shinge. Akwai kuma wadda marasa ƙarfi suka kafa don su sami wurin fakewa, wadda za mu kira rumfa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara matsa wa ƙungiyoyin lamba. Cikin 1948 reshen Phi Kappa Psi na Kwalejin Amherst ya karɓi wani ɗalibi baƙar fata, uwar ƙungiya ta ƙasa ta kore reshen baki ɗaya. Ƙungiyar Sigma Chi ta share sharaɗin farar fata daga rubutattun dokokinta cikin 1961, amma cikin 1965 ta dakatar da reshenta na Jami'ar Stanford jim kaɗan bayan ya karɓi baƙar fata. Abin lura a nan shi ne, an share rubutu amma aiki bai canza ba. Dalili kuwa shi ne, hanyoyin zaɓe guda huɗu sun ci gaba da yin abin da rubutun yake yi a da.

Ta farko ita ce ƙuri'ar ɓoye. A tsohuwar al'ada kowane ɗan ƙungiya yakan jefa ƙwallo fari ko baƙi cikin akwati, baƙi ɗaya ko biyu ko uku sun isa su kayar da mai nema, ba a kuwa tambayar kowa dalili. Ta biyu ita ce gado, watau fifita wanda ubansa ko uwarsa ko yayansa ya taɓa zama ɗan ƙungiya. In iyaye duk farare ne, magada ma farare za su kasance. Ta uku ita ce hannun tsofaffin ɗalibai, masu rubuta takardar shaida, masu kuma riƙe da kuɗin gidan ƙungiya. Ta huɗu ita ce tsadar kuɗin shiga da na sutura da na bukukuwa.

Misali mafi bayyana shi ne na Jami'ar Alabama. Cikin Satumba 2013, shekara 50 bayan Gwamna George Wallace ya tsaya a bakin ƙofa don hana baƙaƙen fata rajista a wannan jami'a, jaridar ɗalibai mai suna The Crimson White ta bayyana cewa ƙungiyoyin 'yan mata na farare sun ƙi karɓar wasu ɗalibai baƙaƙe masu cancanta. A wasu ƙungiyoyin 'yan matan da ke ciki sun so a karɓe su, tsofaffin ɗalibai ne suka hana. Sai da hukumar jami'a ta sa baki aka sake buɗe ƙofa, aka karɓi wasu daga cikinsu a wannan wata.

3.0 Badun da Abin da Ya Biyo Baya

A Nijeriya ƙungiyar farko ta wannan salo ita ce Pyrates, wadda Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1952, shekara huɗu bayan buɗe kwalejin. Abin mamaki shi ne, an kafa ta ne don yaƙi da ƙabilanci da kuma ɗagawar ɗaliban da ke kwaikwayon Turawa. Ba ta tambayar ƙabilar mai nema. Duk da haka zaɓenta mai tsanani ne, kuma a hannun 'yan ƙungiya kaɗai yake.

Wannan tsanani ya haifi 'ya'ya. Cikin 1972 wasu da suka rabu da ita suka kafa Buccaneers. Cikin 1977 aka kafa wadda aka sani da Black Axe a Jami'ar Benin. Daga baya ƙungiyoyi suka yawaita, har da na mata, gasa ta koma gaba, gaba ta koma zub da jini. Ita kanta Pyrates ta janye daga harabar makarantu cikin 1984. Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai 5 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Sashe na 38(4) na Tsarin Mulkin 1999 ya fayyace cewa 'yancin addini da tunani bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shigarta ba.

Darasin Badun ya bambanta da na Amurka, amma tushensu ɗaya ne. A Amurka mun ga cewa share mugun sharaɗi bai isa ba. A Badun mun ga cewa kyakkyawar manufa ma ba ta isa ba, muddin ana yin zaɓe a ɓoye, ba wanda zai tambayi dalili, ba kuma inda wanda aka ƙi zai kai kuka. Wanda aka kora ba tare da bayani ba yakan tafi ya gina nasa gidan, ya kuma fi na farko tsaurin ƙofa.

4.0 Dutse da Tsakiyar Jigawa

4.1 Gado da shigege

Bahaushe ba baƙo ne ga tace mutane bisa haihuwa ba. Masanin nan M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 game da tsarin daraja a ƙasar Hausa, ya nuna bambancin da ake yi tsakanin sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da kansa, watau shigege. Har yanzu ana cewa wane ɗan gado ne, wane kuwa ɗan haye ne. Maƙera da wanzamai da mahauta da maroƙa kowa da matsayin da aka ajiye shi, kuma wannan matsayi yakan fito fili ranar neman aure ko ranar naɗin sarauta. A gefe guda kuma akwai al'adun da ba su tambayar asali. Ƙungiyar samarin ƙauye a ƙarƙashin sarkin samari takan haɗa duk sa'o'in unguwa, gayya kuma ba ta korar mai fartanya. Ɗalibin da ya zo jami'a daga Kiyawa ko Jahun ko Gwaram yana ɗauke da waɗannan al'adu biyu a zuciyarsa. Tsarin ƙungiyar da ya tarar shi ne zai nuna wacce za ta rinjaya.

4.2 Garin da ya cika da baƙi

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse babban birninta. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu 5, watau Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Ban da Hausawa da Fulani, akwai Mangawa da Badawa a gabas, akwai Warjawa a yankin Birnin Kudu. Cikin 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, cikin 2013 kuma aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha a Dutse.

Jami'ar tarayya ta kowa ce. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta tanadi kashi 45 cikin 100 don cancanta, kashi 35 don jihohin yankin da jami'a take, kashi 20 don jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani, Jigawa kuwa tana cikinsu. Ke nan tun daga bakin ƙofa an riga an tambayi ɗalibi jiharsa. Da ya shiga sai ya tarar da ƙungiyoyi iri uku: na sashen karatu, da na addini irin su Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya da aka kafa a Ikko cikin 1954 da takwarorinta na Kirista, da kuma na jiha ko masarauta ko ƙaramar hukuma. Wannan kashi na uku shi ne mafi kusa da abin da muke nazari, domin sharaɗin shigarsa haihuwa ce, shaidarsa kuwa ita ce takardar asali ta ƙaramar hukuma.

4.3 Takardar asali

Tsarin Mulkin 1999 ya yi amfani da kalmar ɗan asalin jiha, alal misali a sashe na 147(3) game da naɗin ministoci, sashe na 318 kuma ya danganta zama ɗan jiha da iyaye ko kakanni. Wurin haihuwa da tsawon zama ba su shiga lissafi ba. A ɗauka ga ɗalibai biyu. Na farko an haife shi a Dutse, ya yi firamare da sakandare a nan, mahaifinsa ya yi shekara 30 yana kasuwanci a garin, amma kakansa mutumin Gaya ne ko Ogbomosho. Na biyu an haife shi a Kaduna, bai taɓa kwana uku a jere a Jigawa ba, amma kakansa mutumin Miga ne. Bisa takarda, na biyu shi ne ɗan gida, na farko kuwa baƙo. In kakan na farko mutumin Gaya ne, to iyakar da ta mai da shi baƙo an shata ta ne cikin 1991, watau ta yiwu mahaifinsa ya girme ta. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta shekara 30 ba ta bushe ba ta cancanci wani suna.

4.4 Rumfa da shinge

A nan ne rarrabewar da muka yi a baya take da amfani. Ƙungiyar ɗaliban Jigawa a jami'ar da ke Ikko ko Fatakwal rumfa ce. Tana tarbar sabon zuwa, ta nema masa masauki, ta tsaya masa in ya yi rashin lafiya. Ita wannan ƙungiya, da sunanta da tsarin mulkinta, in aka dawo da ita Dutse, ta zama ta masu rinjaye. A Dutse rumfar ita ce ta ɗaliban Binuwai ko Enugu ko Oyo. Saboda haka ba suna ko manufa ne ke nuna ko ƙungiya rumfa ce ko shinge ba. Abin dubawa shi ne ƙarfin da take da shi a wurin da take, da kuma abin da ke hannunta na rabawa.

Hanyoyin nan huɗu na Amurka kuwa duk suna da takwarori a wurinmu. Takwarar ƙuri'ar ɓoye ita ce shawarar da ake yankewa a majalisar dare kafin ranar taro, a zo zaure a ce an yi ittifaƙi. Takwarar gado ita ce tambayar nan ta ɗan gidan wane ne. Takwarar hannun tsofaffin ɗalibai ita ce ubangida, ɗan siyasa ko attajiri, wanda ke biyan kuɗin taro ya kuma nuna wanda yake so. Takwarar tsada kuwa ta fi bayyana a tsakanin ɗalibai mata, inda anko da gudummawar biki kan tace 'yar talaka daga cikin ƙawaye ba tare da kowa ya ce mata fita ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a tsarin mulkin wata ƙungiya, kuma wannan shi ne ya sa suke da wuyar kamawa.

5.0 Ma'aunan Adalci

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, wadda bai kamata a raina ta ba. Sashe na 40 na Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin yin tarayya da wanda ya ga dama, kuma ba a tilasta abota. Amma sashe na 42 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa ko yanayin haihuwarsa, sashe na 15(3) kuma ya ɗora wa hukuma nauyin ƙarfafa ƙungiyoyin da suka ƙetare iyakar ƙabila da harshe da addini. Aikinmu shi ne mu san inda 'yancin farko ya tsaya. Ga ma'aunai huɗu.

Na ɗaya, me ke hannun ƙungiyar? In hira ce da zumunci kaɗai, to ta zaɓi wanda take so. In kuwa tana da hannu a abin da yake na jama'a, kamar jerin sunayen masu karɓar tallafin karatu, ko gurbin ɗakin kwana, ko kujera a majalisar ɗalibai, ko zauren taro na makaranta, to ta fita daga hukuncin abota ta shiga hukuncin amana. Mai riƙon amana kuwa ana tambayarsa.

Na biyu, shin sharaɗin yana da dangantaka da aikin ƙungiyar? Ƙungiyar ɗaliban lissafi tana da hujjar neman mai karanta lissafi. Ƙungiyar addini tana da hujjar neman mabiyin addininta ya shugabance ta. Amma ƙungiyar da ta ce manufarta ci gaban Dutse ce, da wace hujja za ta ƙi wanda aka haifa a Dutse, wanda kuma a nan zai zauna bayan ya gama karatu? Gyaran da ya dace shi ne a buɗe ƙofa biyu, ta asali da ta zama, kowacce da cikakken 'yancin zaɓe da tsayawa takara.

Na uku, shin a bayyane ake yi? A rubuta sharuɗɗa, a kafa su inda kowa zai gani, a faɗa wa wanda aka ƙi dalili, a kuma ba shi damar ɗaukaka ƙara zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai. Tarihin Badun ya nuna abin da duhu ke haifarwa.

Na huɗu, a dubi sakamako, kada a tsaya ga rubutu. In ƙungiya ta ce ƙofarta a buɗe take, amma shekara goma shugabanninta duk daga masarauta ɗaya suke, ko ba a taɓa samun mace a cikinsu ba, ko ba a taɓa samun ɗan mahauci ko ɗan Warjawa ba, to akwai matattara a wani wuri. Hukumar makaranta tana iya neman kowace ƙungiya mai rajista ta kawo jerin shugabanninta duk shekara, a riƙa dubawa. Ƙasar nan ta riga ta yarda da wannan hanya tun da ta sa ƙa'idar raba daidai a Tsarin Mulkin 1979, ta kuma kafa mata hukuma cikin 1996. Sai dai a kiyaye, domin ita kanta ƙa'idar raba daidai da takardar asali take aiki. In an ari awonta, kada a ari makantarta game da mazaunin da ba shi da takarda.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa wariya a ƙungiyoyin ɗalibai ba ta buƙatar bambancin launi, ba ta ma buƙatar rubutacciyar doka. Ta nuna yadda hanyoyi huɗu suka riƙe ƙofa a Amurka shekaru da yawa bayan an share sharaɗin farar fata, da yadda zaɓen ɓoye ya ɓata kyakkyawar niyya a kudancin Nijeriya, da yadda takwarorin waɗannan hanyoyi suke iya rataya a kan asali a Dutse da kewayenta.

Manyan makarantun Jigawa suna da wata dama da Alabama ba ta samu ba, watau ƙuruciya. Jami'ar da aka kafa cikin 2011 ba ta tara tsofaffin ɗalibai masu jikoki a cikinta ba tukuna, al'adun ƙungiyoyinta kuma ba su gama sandarewa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawarar da muke bai wa mahalarta wannan taro, musamman malaman da ake naɗawa iyayen ƙungiyoyi, ita ce kowa ya koma ya ɗauko tsarin mulkin ƙungiyar da ke ƙarƙashinsa tare da jerin shugabanninta na shekarun baya, ya ajiye su gefe da gefe, ya auna su da waɗannan ma'aunai huɗu. Waɗanda suke koyon rabon kujera a zauren ɗalibai yau, su ne za su raba gurabun aiki da filaye da kwangila a wannan jiha nan da shekara ashirin, kuma da ma'aunin da suka saba da shi za su yi awo.